Ɗakin da Na Haƙa wa Uwarku

Abin da zan rubuta a nan ku huɗu kun san rabinsa, Lawali da Rabi da Sani da Balki, don a gabanku aka yi shi. Ɗaya rabin ni kaɗai na riƙe, kuma riƙon ya daɗe fiye da kima. Shekarar da uwarku Hadiza ta rasu nake nufi, shekarar da yayata Habsu, gwaggonku, ta fita daga gidan nan da akwatinta a amalanke. Kun tashi da labari ɗaya a kan waɗannan abubuwa biyu, har kun ba 'ya'yanku shi. Ba haka abin yake ba. Amma kafin in kai ga shekarar, sai na fara da ɗakin.

Ni maso ne, magini, kamar ubana, sai dai shi da laka da tubali ya yi aikinsa, ni kuwa na riski zamanin siminti. Kowace shekara in an ɗaure gero an sa a rumbu, sai in haɗa cokalin gini da igiya a buhu in ƙetara Kano cin rani, ba na dawowa Matameye sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A wani ranin, Lawali bai daɗe da fara tafiya ba, aka kai mu gyaran gidan wani Kwara, ɗan Labanan, mai sayar da yadi. Rana tsaka, zafi ya ishe mu, mai gadi ya ce in zo in ga wani abu. Muka sauka matakala, sai ga ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, sanyi kamar cikin randa. Na tsaya ina shafa bangon, ina ƙirga bulo da ido. Uwarku ce ta faɗo mini a rai. Tela ce, kun sani, kuma a lokacin a rumfar kara take ɗinki, in bazara ta yi sai ka ga gumi yana ɗiga daga haɓarta a kan yadin mutane. Tun a hanyar dawowa na gama gina ɗakin a cikin kaina.

Ni da hannuna na haƙa shi, a kusurwar gida ta arewa, zurfin mutum da rabi. Na sa aka kawo mini tsakuwar dutse daga wajen Damagaram, irin mai ƙyalli ɗin nan, na zuba ta da kauri a ƙasa don kada damshi ya taso, na shafe da siminti. Simintin bai yi kauri ba, abin da ya rage mini ke nan, kuma shekara biyu ba ta cika ba ya tsattsage. Na bar taga ɗaya ƙarama daidai da fuskar ƙasa. Daminar farko ruwa ya shigo ta nan ya jiƙa mata atamfofi, sai na toshe ta da gilashi, na liƙe gefensa da siminti, haske ya shiga amma ban da ruwa. Ƙofar ta ƙarfe ce, na bi bakinta da robar taya saboda kunama, kuma don kada sanyin ya tsere. In ka ja ta ka rufe, ko kiran salla ba ka ji sosai. Na yi alfahari da wannan ƙofa ƙwarai.

Ranar da muka sauke keken ɗinkinta ciki, ta zauna ta taka shi sau biyu, ta dube ni tana dariya.

"Malam, yau ka sa na zama matar purufe mai mulkin gari."

Daga nan ɗakin ya zama wurinta. Da hantsi take sauka, ba ta fitowa sai salla da abinci, in Salla ta matso kuwa har magariba. Da bazara nan take kwana. Mata suna zuwa awo, su zauna su ƙi tashi. Maza suka riƙa roƙona in nuna musu, har na gina irinsa guda uku: ɗaya wa Alhaji Mati mai hatsi, ɗaya wa Mushe Amadu (haka muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko), ɗaya a Ɗan Barto wa wani mahauci. Aka sa mini suna Haruna mai ɗakin ƙasa, kuma ina amsawa da jin daɗi. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yaba shi ba, Yaya Habsu. Ta dawo gidan nan daga Kurni bayan mijinta ya rasu, ita ke riƙe da murhu da awaki da ku kanku. Ko sau ɗaya ba ta taka matakalar nan ba. Cewa take ba za ta shiga kabari da ƙafarta ba. Ku ma ta hana ku kwana ciki, komai zafi, sai dai ta shimfiɗa muku tabarma a tsakar gida kusa da ita tana yi muku fifita. Rabi, kin sha kuka a kan haka. Bakinta yana da kaifi, wannan ba wanda zai musa, ni kaina na sha shi tun ina yaro.

Fiye da shekara ashirin aka yi a haka. Sai wata rana, gab da girbi, Yaya Habsu ta kira uwarku sau uku daga bakin murhu ta zo ta kama mata tukunya, ƙofa a rufe, ba ta ji ba. Tuwo ya kama. Yaya ta je ta bubbuga ƙofar da muciya, da aka buɗe ta tsaya daga sama ta yi magana, ga mata uku zaune suna jiran awo.

"Zauna nan! Ramin nan shi zai cinye ki, kuma ina raye zan gani."

Uwarku ba ta riƙe maganar ba, da yamma tare suka ci abinci. Matan nan uku su ne suka riƙe ta.

Tarin ya fara bayan an gama ɗaurin gero. Busasshe ne, muka ce sanyi ne. Na tafi Kano kamar kullum. Da ya ƙi tafiya Lawali ya kai ta wajen manjo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, aka gwada majina aka ce ba tarin fuka ba ne, aka ba ta ƙwayoyi. Ta sha, ta rame. Ranar da ta tofar da jini a tsumman ɗinki Rabi ta kira ni a waya, na dawo, muka tafi Damagaram aka yi mata radiyo, hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton a taga ya nuna mini wani farin tabo a huhun dama, girman ƙwan zabo. Ya ce mu je inda ake da kayan aiki. Na kai ta Kano, aka tsaga aka ɗebi ɗan nama, muka yi kwanaki muna kwana a barandar asibiti. Likitan da ya ba mu sakamako yaro ne, amma yana da ladabi. Ya sa ta fita, ya zaunar da ni.

"Baba, tana shan taba?"

"Subhanallahi. Ko ni ba na sha."

"Tana yawan girki da itace a ɗaki rufaffe?"

"Yayata ce mai girki, kuma a fili. Ita tela ce."

Ya ajiye biro. Sannan ya ce ciwon daji ne na huhu, ya riga ya bazu, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Na tambaye shi me ya kawo shi. Ya ce wani lokaci ba a sani ba. Na mai da ita gida, na koma Kano bakin aiki, don magani ba ya sayen kansa.

Wannan "ba a sani ba" ita ce ta buɗe ƙofa. Ciwon da likita bai san dalilinsa ba, mutanen unguwa sun sani. Matan nan uku suka tuno da maganar muciya. Ta bi gida gida har ta kai kunnen kawunku Idi, ƙanen uwarku. Ya zo da wani mutum daga ƙetaren iyaka, mai jakar fata, ya zagaya gidan yana shinshina, ya sa aka tona bakin matakala, ya tsuguna ya ɗago laya ɗaure da baƙin zare, ya ce sammu aka yi wa uwarku. Ni na zuba ƙasar wurin, na kuma daɓe ta, na san babu abin da ke ciki sai abin da hannunsa ya sa. Amma ba na nan. Lawali, kai ka shiga ɗakin gwaggonka ka fito da akwatinta ka jefar a ƙofar gida. Ban rubuta wannan don in kunyata ka ba. Uwarka tana mutuwa a gabanka, manya sun nuna maka mai laifi. Kai ka kira ni a waya kana huci, sannan ka miƙa mata.

"Haruna," ta ce, "ka ji abin da ake yi mini a gidan ubanmu?"

"Na ji, Yaya. Ki je Kurni wajen Sanusi tukuna, har ƙura ta lafa. In na dawo zan gyara."

Sai na ji an kashe wayar. Ban yarda da sammun ba ko na minti ɗaya. Gajiya ce ta sa na zaɓi abin da ya fi sauƙi. Sanusi, ɗanta, ya zo da amalanke ya ɗauke ta.

Bayan kamar mako uku, Alhaji Ɗanjuma, ɗan kwangilar da nake yi wa aiki, ya ce in raka shi kasuwar baje kolin kayan gini da ake yi a garin, yana son in duba masa wani injin buga bulo. Ban so zuwa ba, amma ba a ce wa Alhaji a'a. Wuri ne babba, rumfuna jere, lasifika ta ko'ina. Ga tayil mai sheƙi kamar ruwa, ga fenti kala kala, ga kwanon rufi da aka ce ba ya ɗaukar zafi, 'yan mata suna miƙa wa mutane takardu. Na duba injin na gaya wa Alhaji ra'ayina, ya tsaya ciniki, ni kuma na nemi inuwa. A can ƙarshen layi akwai wata rumfa da ba kowa, tebur ɗaya, kujeru biyu, da wata mata mai tabarau tana cin gyaɗa. Kujerar na je nema. Sai idona ya faɗa kan zanen da ta rataya: gida an yanka shi biyu, ana ganin cikinsa, ga ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ga wasu ƙananan kibau suna tasowa daga dutse suna shiga ta tsagar daɓe. A gefe an zana huhun mutum.

"'Yata, wannan fa?" na ce.

Ta share hannunta, ta ce ita injiniya ce, suna auna iskar cikin gidaje. Tun safe, in ji ta, ni ne na uku da ya tambaya.

"Wata iska ce, Baba, ana ce mata radon. Daga ƙasa take fitowa, musamman inda akwai dutse. Ba ta da wari, ba ta da launi. A fili ba ta komai, iskar Allah tana kwashe ta. Amma in ta sami ɗaki rufaffe, balle na ƙasa, sai ta shigo ta tsagar siminti ta taru. Wanda ya yi shekara da shekaru yana shaƙarta, tana iya sa masa ciwon daji a huhu."

"Ko ba ya shan taba?"

"Ko bai taɓa sha ba. Mai sha dai nasa haɗarin ya fi."

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Na fara ba ta labarin ɗakin kamar na wani ne, na ce wani abokina ya gina. Zurfin, tsakuwar, daɓen da ya tsage, tagar da aka liƙe, robar bakin ƙofa. Tana ji tana kallona ta saman tabarau. Da na kai kan tela mai tari, ta ajiye gyaɗar.

"Baba, matarka ce?"

Na ce ita ce. Ta buɗe jaka ta fito da wata na'ura, ba ta fi sabulun wanki girma ba, da ɗan gilashi mai nuna lamba. Ta ce in ajiye ta a ɗakin, sama da ƙasa kaɗan, in rufe ƙofa yadda aka saba, in bar ta kwana bakwai aƙalla, sannan in ɗauki hoton lambar in aiko mata. Ta rubuta sunana da garinmu a littafi, ta ba ni lambar wayarta. Ta ce in na gama in dawo mata da ita. Ina tashi ta ƙara tambaya ɗaya.

"Yanzu a ina take kwance?"

Bazara ce. Na san amsar. Tun da zafi ya shigo kuka sauke ta ɗakin ƙasa, kuka shimfiɗa mata katifa kusa da keken, kuna rufe ƙofa don ta ji sanyi. Ban koma wajen Alhaji ba. Daga rumfar nan tasha na nufa.

Na iso Matameye da la'asar. Ban ko wanke ƙafa ba na ce a fito da ita. Balki, kin tuna kin riƙe mini hannu kina cewa zafi zai kashe ta a sama. Na daka miki tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ni da Sani muka ɗauko ta a katifa, ba ta fi nauyin damin kara ba. Muka kwantar da ita a rumfa, na jiƙa buhuna na rataya ta gefen da iska ke shigowa. Na ce muku likita ne ya ce a yi haka. Ƙaryata ta farko ke nan. Na sauka ni kaɗai, na ɗora na'urar a kan keken ɗinki, na ja ƙofa na sa kwaɗo. Kwana bakwai ina zagaya ƙofar nan kamar mai gadin kurkuku. Ran na takwas na ɗauki hoton na aika. Ban gama sa wayar a aljihu ba ta yi ƙara.

"Baba, kada kowa ya ƙara zama a ɗakin nan. Ya wuce iyakar da ake yarda da ita, nesa ba kusa ba."

"Shi ya sa mata ciwon?"

"Ba wanda zai iya rantse maka a kan mutum ɗaya. Ni ba likita ba ce, likitan ma ba zai rantse ba. Amma shekara ashirin a cikin wannan iska, ba zan ɓoye maka ba, abu ne babba."

Ta gaya mini gyaran: a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a sake daɓe mai kauri a toshe duk wata tsaga, a sa tiyo daga ƙarƙashin daɓen ya fita har saman rufi. Aikin kwana uku ga maso irina. Kwana uku. Na tsaya a bayan gida riƙe da waya ina kallon hannuwana.

Uwarku ba a ɓoye mata abu. Washegari da hantsi, kun fita, Balki ta tafi ɗebo ruwa, ta kira ni da hannu. Muryarta ta riga ta shaƙe, sai na sunkuya.

"Malam, me ka kulle a ɗakina?"

Na gaya mata duka, tun daga rumfar matar nan har wayar jiya. Ina magana ina kallon ƙasa. Na zaci za ta yi kuka ko ta juya mini baya. Ta daɗe tana numfashi da ƙyar.

"Don in ji sanyi ka yi," ta ce. "Kuma na ji. Wannan tsakaninka da Allah babu komai, ni ma na yafe. Amma Yaya fa? An ce ita ce. Ni ban taɓa cewa ita ce ba, ba ni da ƙarfin hana su ne. Ka tara yaran nan ka gaya musu. Ka je Kurni ka ɗauko ta, ina son ta yi mini kunun tsamiya."

"Zan yi."

"Yau."

"In sha Allahu."

Ban yi ba. Da la'asar na ga Lawali ya shigo da ledar magani, idonsa ja, na buɗe baki na rufe. Na ce gobe. Gobe Idi ya zo da matarsa, na ce ba a gaban baƙi ba. Abin da nake tsoro a fili yake, kuma gara in faɗe shi da sunansa: kada ku dube ni irin duban da kuka yi wa gwaggonku. Kada a ce a kasuwa Haruna mai ɗakin ƙasa ya haƙa wa matarsa kabari da hannunsa. Duk safiya sai ta tambaye ni da ido, ni kuma in gyara mata matashi. Daga baya magana ta ɗauke mata gaba ɗaya. Kwana goma sha ɗaya bayan alkawarin, ranar da aka yi ruwan farko, da azahar, ta cika. Ba ta sha kunun ba. Yaya Habsu ta zo gaisuwa a rana ta uku, Lawali ya tsaya a zaure ya ce ba za ta shiga ba. Ina zaune a tabarma cikin mutane, taku biyar tsakaninmu. Ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina jan carbi.

Sauran ɗakunan uku ban bar su ba, wannan kaɗai zan iya faɗa wa kaina. Bayan sadakar bakwai na bi su da na'urar ɗaya bayan ɗaya. Na mahaucin Ɗan Barto da sauƙi, don bai taɓa sa ƙofa ba, labule ne. Alhaji Mati ya yi mini dariya, ya ce iskar da ba a gani ba a jin warinta ai aljani ke nan, kuma shi yana da ayoyinsa. Da ƙyar ya bari na fasa masa taga ɗaya. Na Mushe Amadu lambarsa ta kusa kai ta namu, kuma 'ya'yansa huɗu a ciki suke kwana. Na yi masa aikin kwana uku, daɓe da tagogi da tiyo. Da na gama yana zuba mini ruwa ina wanke hannu, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Malam Haruna, abin da ya sami Hadiza ke nan?"

"Allah ne masani, Mushe. Ka rufa mini asiri."

Ya rufa, har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba. Da ma bai rufa ba. Namu ɗakin kuwa na fito da keken, na fasa rufin, na cika ramin da yashi amalanke bayan amalanke. Na ce muku ba na iya ganinsa ne saboda tunaninta. Rabi, kin rungume ni kina kuka, kika ce ba ki san ina son Inna haka ba. Na bar ki kika faɗa.

Sai bayan girbi na je Kurni. Na tarar da Yaya a gindin bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa shekara goma a wata shida. Mutanen ƙauyen ma labari ya kai musu, mata ba sa aiko mata da yara kitso, ba a ba ta jariri ta riƙa. Na tsuguna na gaishe ta, ta amsa kamar baƙo. Na kwashe labarin duka na gaya mata. Hannunta bai daina ɓara ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ta rasu."

"Ranar da yaron nan ya tare ni a zaure, ka sani?"

"Na sani, Yaya."

Ta zuba ɓawon a ƙasa ta kakkaɓe zaninta.

"To ni ka zo gaya wa? Ni ai na san ban yi ba. Ni na goya ka, Haruna, na goya 'ya'yanka. Je ka gaya wa waɗanda suka jefar mini da akwati. In ka gaya musu, su zo da kansu. Ƙafata ba ta ƙara taka gidan nan sai sun zo."

Na ce zan yi. Na dawo na tarar ana shirin auren Sani, na ce bayan biki. Bayan biki Lawali ya koma Legas da sana'arsa, na ce ba maganar waya ba ce. Kowace shekara da uzurinta, kuma kowace shekara faɗar tana ƙara nauyi, don yanzu ba ɗakin kaɗai zan amsa ba, har da shirun. Damina uku ta yi a Kurni ta rasu. Ni kaɗai na je jana'iza daga gidan nan. Da na dawo ba wanda ya yi mini gaisuwa a cikinku, kuma ban ga laifinku ba.

Watan jiya jikata, 'yar Rabi, tana wasa da ƙawayenta a tsakar gida, na ji tana tsorata su da cewa in ba su ba ta 'yar tsanarta ba za ta kira Habsu mayya. Yarinyar da ba ta taɓa ganinta ba. Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, na roƙi liman ya ba ni lasifika. Na tsaya a gaban mutanen unguwa, da Idi a sahu na biyu, na faɗi abin da na rubuta muku a nan, ban rage komai ba. Na ce duk mai ɗaki rufaffe a ƙasa ya buɗe masa taga. Na ce yayata Habsu ba ta yi wa kowa sammu ba, ita ce ma ta hana 'ya'yana kwana a inda uwarsu ta kwana, in da mai laifi a gidan Haruna to Haruna ne. Wasu suka ce Allah ya yafe mana. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Idi ya ɗauki takalmansa ya fita ta ƙofar gefe.

Washegari na hau mota zuwa Kurni. Ina son in tsaya a kan kabarinta in gaya mata na faɗa, ko da a makare. Maƙabartar ta cika tun bayan jana'izar, ruwa ya shafe alamu, na yi ta zagaye ban gane wurin ba. Na je na sami Sanusi a gonarsa yana kaftu. Ya saurare ni har na gama, yana dogare da hauya, bai katse ni ba.

"Na san wurin, Kawu," ya ce. "Duk Juma'a ina zuwa. Amma ba zan nuna maka kai kaɗai ba. Cewa ta yi su zo da kansu. Ka zo da Lawali, in kai ku tare."

Ya koma bakin aikinsa. Na tsaya kaɗan, na ga ba sauran magana, na kamo hanyar tasha.

Lawali, ƙafafuna sun fara kumbura, manjo ya ce zuciya ce. Daga Legas zuwa nan kwana biyu ne a mota. Ka zo kafin ruwa ya sauka hanyar Kurni ta ɓaci.